Shawarwarin iyaye mata kan girkin gida da makarantar yaro

A hirarmu da wasu iyaye mata, girki ne ya fi cin lokaci. Yawancinsu sun ce a soya gero, waken soya da gyaɗa, a kai niƙa, a adana garin a mazubi mai murfi, da safe sai dama kunu. Kayan miya a markaɗa da yawa, a tafasa har ruwan ya tsane, tunda wuta ba tabbas. Zuma kuwa sai yaro ya shekara.

Kan makaranta ra'ayi ya rabu: wasu nasare tun shekara 3, wasu Islamiyya tukuna, firamare a shekara 6. Ni na fi gamsuwa da wadda ta ce kafin a biya kuɗi, uwa ta je ta ga cunkoson aji da tsaftar banɗaki da idonta.