Wai me za mu kira karatun nan na onlayin?

Jama'a, ku taya ni neman wata kalma. Shekaranjiya da daddare Hajiyarmu ta ɗaga labulen ɗakina ta tarar na ƙura wa waya ido, ta ce, "Kai dai kullum latse-latse." Na ce, "Hajiya, karatu nake." Ta ce wane iri? Na ce onlayin. Tsaki ta yi ta saki labule. Abin kunyar ma, kwas ɗin da nake yi kan fasahar koyar da ɗalibi daga nesa ne, amma ga shi na kasa faɗa wa mahaifiyata sunansa da Hausa.

Wanda ya fi zama a bakin mutane shi ne "karatu daga gida", don da shi ake kiran jami'ar NOUN (National Open University) a labarai. Tun 1983 aka kafa ta zamanin Shagari, soja suka dakatar da ita a 1984, sai 2002 ta sake farfaɗowa. Sunan ya karɓu, ban ƙi ba. Sai dai ni rabin darussana ba a gida na ɗauke su ba. Ranar da babu wuta, a bencin mai caji nake zama, waya a jone, ina toshe kunne ɗaya saboda ƙarar janareta. Na taɓa sauraron lacca guda cur a adaidaita sahu daga Kabuga zuwa Bata. Wane gida kuma?

Wani abokina ya ce tunda fuskar kwamfuta allo ce, a ce "karatun allo". Na ce malam, rufa mana asiri. A Kano wannan suna yana da masu shi, da tawadarsu da alƙalaminsu.

Wani kuma ya kawo "karatun gizo", daga yanar gizo. Da farko ya yi mini daɗi a baki, gajere ne. Amma ku faɗe shi sau biyu ku ji. Gizo dai mun san halinsa tun muna yara, mai wayo ne, maƙaryaci ne. Kuma idan abu yana yi maka gizo, ai babu shi ke nan. Mu da har yanzu ake yi wa takardar shaidarmu kallon hadarin kaji, sai kuma mu laƙaba mata wannan suna da kanmu?

Ga inda na tsaya. "Karatu daga nesa" shi ne uwa, domin ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Iyayenmu sun yi shi ta gidan waya, ana aiko musu da darussa daga makarantar Wolsey Hall ko ta Rapid Results a Ingila, su amsa su mayar. Cibiyar malamai ta NTI da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, da shi ta horar da malaman firamare. Darussan da yara suka riƙa saurara a rediyo lokacin kullen korona a 2020 ma duk shi ne. Namu na yanzu ɗa ne a cikin 'ya'yansa, sunansa "karatun intanet", ba sai an yi masa ado ba.

Shi ma iri biyu ne. Akwai na kai-tsaye, wanda malam ke kan Zoom ko Google Meet a daidai lokacin, ka makara ka rasa. Akwai na naɗe, wanda aka ɗora bidiyo ko murya ka buɗe sanda ka samu data. Ni na naɗen ne ya cece ni, don nakan sauke shi cikin dare in saurara bayan asuba.

Wurin da ake haɗuwar kuwa na fi son a ce masa zaure a kan aji. Mun gaji karatun zaure, inda kowa ke zuwa da littafinsa ya ɗauki karatu ya tashi, kuma yanzu ma ana cewa zauren WhatsApp ba wanda ke tambayar ma'ana.

Yau da safe na gwada a kan Hajiya. Na ce zan shiga zauren karatu ta intanet. Ta ce, "To, malamin yana ganinka?" Na ce in na kunna kyamara. Ta ce in sa hula.