Allon LCD ya kawo haske amma ba rubutu, wa ya taɓa cin karo da wannan?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa allon 16x2 (haruffa 16 a layi biyu) mai guntun sarrafawa HD44780 da PIC16F877A, ƙaramar kwakwalwar da ke ba shi umarni, ta wayoyi huɗu, D4 zuwa D7. Haske ya kawo, amma sai baƙaƙen akwatuna jere a layin sama, na ƙasa fayau. Wanda ya taɓa gani ya taimaka.

Mai gyaran inbata: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena, allonka lafiya lau, umarnin tashi ne bai isa gare shi ba. Nawa da ya yi haka, PIC ne ke riga allon farkawa. Sai da na sa jira na milisakan 50 bayan kunnawa, na aika lambar umarni 0x3 sau uku da ɗan jinkiri tsakani, sannan 0x2. Ka kuma duba RW, ƙafar zaɓen karantawa ko rubutawa, in ba karantawa kake yi ba ɗaure ta da GND, wato wayar negetif.

Ɗalibar injiniya: Ni ko akwatunan ban gani ba. Ashe ƙafa ta 3 ce, V0, mai daidaita duhun rubutu. Ina murɗa potenshiyomita mai 10k, abin murɗawar da ke haɗe da ita, rubutu ya fito tar, da ma yana nan zaune.

Malamin fasaha: Masu ƙaramin allon I2C a baya, wanda ke rage wayoyin aika bayani zuwa biyu, su kula da adireshi, lambar da ake kiransa da ita. Mai guntun PCF8574 yawanci 0x27 ne, mai A a ƙarshe kuma 0x3F, ga su kamar tagwaye a ido. Abin da ya fi ba ɗalibaina wahala kuwa shi ne sa umarnin share allo, lcd.clear(), a cikin loop, sashen da ke ta maimaituwa: allon ya yi ta ƙifce-ƙifce. Sharewa na cin milisakan 1.52, yawancin umarni kuwa mikrosakan 37 ne. Gara ka mayar da cursor, alamar wurin rubutu, inda kake so, ka rufe tsohon rubutu da sarari.

Ɗalibar injiniya: Malam, ni "ƙofa" na so rubutawa, allon ya zubo min shirme.

Malamin fasaha: Ai ba ƙ a ma'ajiyarsa, sai kin zana da kanki, ɗigo 5 a kwance, 8 a tsaye. CGRAM, ma'ajiyar haruffan da aka zana, na ɗaukar haruffa takwas kacal, mu kuma ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu takwas ne cif. Kawai in kin gama zana harafin da createChar ki kira setCursor, mai saita wurin rubutu, kafin ki rubuta komai.

Mai tambaya: Yaya, RW ɗin ce a sake. Layin sama ya fito. Na ƙasa fa?

Mai gyaran inbata: Aika 0x28 a wajen tashi don allon ya yi aiki da layi biyu, sannan 0xC0 kafin rubutun don ka koma farkon layin ƙasa.