Ƙanwata na son karanta harsunan Keltik, akwai wanda ya sani?

Ɗan Nima:
Salam jama'a. Ƙanwata ta gama Jami'ar Gana da ke Legon, yanzu wai Keltik za ta karanta a Biritaniya, tsohuwarmu ta ce wane yare ne wannan kuma, ni ma wallahi shiru na yi. Ku taimaka.

Yayar Mamobi:
Ba yare ɗaya ba ne ƙanena, shida ne: Ayirish, Galik na Sikotilan, Manks na tsibirin Man, Welsh, Konish da Bireton na Faransa. Jami'ar Edinbura tun 1882 take da kujerar farfesan Keltik, akwai kuma jami'ar Aberystwyth a Wels, sunan ma kafin ka faɗa shayinka ya huce. Ba nahawu kaɗai ba ne fa, har tsofaffin rubuce-rubucen hannu suke karantawa, kamar malamanmu da ajami.

Ɗan Nima:
To Yaya, aiki fa?

Baban Aboabo:
Koyarwa, fassara, adana takardun tarihi. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin Welsh sun haura dubu 500 a Wels. Manks kuwa a 1974 tsohon ƙarshe da ya tashi da shi ya rasu, amma sun farfaɗo da shi har yara na koyo a makaranta. Ni jikokina a Kumasi na yi musu Hausa su amsa da Tiwi, ku bar yarinya ta je ta koyo mana dabarar. Amma ta nemi sikolaship tukuna, sidi ba ya jure fam.