Sayar wa babban kamfani manhaja da sayar wa ɗaiɗaikun mutane: me kuka gani?

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da manhajar lissafin kaya da masu shaguna ke biyan kuɗinta wata-wata ta waya. Yanzu wani kamfanin rarraba kaya mai rassa a jihohi da dama ya ce mu kawo musu. Waɗanda suka taɓa irin wannan ciniki, don Allah ku haska mana.

Malam Mai Kwamfuta: Wa'alaikumussalam. Mai shago shi ke amfani da manhajar, shi ke biya, shi ke yanke shawara. Idan ta yi masa, ya tura kuɗi ta Paystack, wato kafar biyan kuɗi ta intanet, magana ta ƙare. A kamfani waɗannan mutane daban-daban ne. Ni ma'aikatan sito suka fara ganin tamu, suka yi na'am da ita, amma sai da maganar ta bi ta sashen kwamfuta, sashen sayayya, lauyan kamfani da mai kula da kuɗi. Kowannensu na iya hana cinikin, kuma babu wanda zai iya amincewa shi kaɗai. Ka nemi mutum ɗaya a ciki wanda matsalar ke ci wa tuwo a ƙwarya, shi zai riƙa bin takardarka ofis-ofis.

Hajiya Akanta: Ƙanena, ka fara haɗa takardu tun yau: rajistar CAC (hukumar yi wa kamfanoni rajista), lambar haraji, shaidar biyan haraji, da asusun banki da sunan kamfaninku. Ka sa harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a farashi tun farko, kuma ka san cewa suna iya cire harajin da doka ta ce su riƙe kafin su biya ka. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne jira. Ka gama aiki, ka kai takardar neman biya, a ce sai bayan kwana 60 ko 90, alhali albashin yaranka da kuɗin sabar (kwamfutar da ke riƙe da manhajar a intanet) ba sa jira. Kada ka taɓa aiki sai LPO, wato takardar odar da kamfani ke bayarwa a rubuce, ta shigo hannunka.

Injiniya: Mu tambayoyin tsaro suka fi cinye mana lokaci. A ina kuke ajiye bayanai? Wa ke iya ganinsu? Kuna bin dokar kare bayanai ta 2023? Kuna da ISO 27001, wato takardar shaidar tsaron bayanai ta ƙasa da ƙasa? Ma'aikatanmu za su iya shiga da asusunsu na Microsoft? Idan sabar ta tsaya da tsakar dare, wa zai ɗaga waya? Mai shago bai taɓa yi mana ko ɗaya daga cikinsu ba.

Bakatsine: Ni kam na koma wa ƙananan kwastomomi, kuma hankalina ya fi kwanciya. Gaskiya ne Google Play na ɗaukar kashi 15 na kuɗin rajistar wata-wata, kuma mutum kan bar ka ba sallama. Amma idan goma suka tafi, saura suna nan. Babban kamfanin da muka yi wa aiki kullum da sabon gyaran da yake so, har manhajar ta koma tasu su kaɗai.

Hajiya Akanta: Wannan yana da magani, Bakatsine. A rubuta a yarjejeniya cewa duk gyaran da suka nema na musamman kuɗinsa daban, kuma mallakar manhajar tana hannunku. Ɗan Zazzau, ka roƙi su fara gwaji da reshe ɗaya, amma gwajin ma su biya.