Neman kalma: me za mu kira aikin ma'aikacin fansho da ba ya zaune a ofis?

Mai fassara, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum jama'a. Ana neman fassarar wani rahoto a kan hukumar da ke biyan fansho da tallafin masu lalurar naƙasa a Amurka, wadda suke taƙaita sunanta da SSA. Kalmomi biyu ne suka tsaya: telework da remote work. Kafafen labarai duk "aiki daga gida" suke ce musu, alhali a tsarin aikin gwamnatin Amurka ba abu ɗaya ba ne. Na farko, ma'aikaci yana da teburinsa a ofis, kuma sai ya bayyana a can aƙalla sau biyu a kowane mako biyu. Na biyu, ba a sa ran zuwansa ofis, gidansa ne wurin aikinsa a takarda, har alawus ɗin tsadar gari ma da garin da yake zaune ake lissafa masa. Ina neman kalma ga kowanne, wadda tsoho ɗan fansho zai ji a rediyo ya gane ba tare da an tsaya yi masa sharhi ba.

Malamin Hausa, Ƙofar Sauri:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa a cire "aikin gida" daga lissafi, don shara da wanke-wanke ne, ko jingar da malami ke ba ɗalibi. "Zaman gida" kuma ya fi muni, kunnen Bahaushe hutu yake ji ko rashin aikin yi. Ni "aiki daga nesa" nake gani ga na biyun.

Tsohon akawun fansho, Daura:
Allah ya gafarta malam, na yarda da cire "zaman gida", kuma akwai dalilin da ya wuce daɗin kunne. A watan Maris na 2020, da gwamnatin tarayya ta ce ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida saboda korona, mafi yawansu babu abin da za su yi aikin da shi. Fayil na takarda ne, yana kulle a rajista. Babu kwamfutar ofis a hannunsu. To abin da ya faru shi ne zaman gida na gaske, kuma tun daga nan in ka ce ma mutum "aiki daga gida" sai ya ji kamar ka ce an sallami ma'aikata su huta. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 wasu jihohi, irin su Edo, sun mayar da zuwa ofis kwana uku a mako. Wannan ma rage kuɗin mota ne aka yi ma ma'aikaci, ba a sake tsarin aikin ba. Saboda haka kalmar ta riga ta ɗauki wani nauyi a wurinmu. Duk wadda za mu zaɓa, ya zamana tana nuna cewa mutum yana bakin aiki, ana iya kiransa, ana iya tuhumarsa in fayil ya kwana.

Mai fassara, Ƙofar Marusa:
Baba, to ko "aikin aike"? Tunda aikin ake aika wa mutum ya yi ya aiko.

Tsohon akawun fansho, Daura:
A'a ɗana. Aike na masinja ne. Wanda ke lissafin garatuti ba aikensa aka yi ba, hukunci yake yankewa a kan haƙƙin wani.

Hajiya ta sashen rajista, Ƙofar Ƙaura:
Ku bari in shigo da abin da ke cikin fayil ɗin, don sai an san aikin kafin a raɗa masa suna. Wanda ya cika shekara 35 yana aiki, ko ya kai shekara 60 da haihuwa, fayil ɗinsa na ritaya yakan ƙunshi takardar ɗaukar aiki ta farko, takardar tabbatarwa, takardar ƙarin girma ta ƙarshe, takardar amincewa da ritaya, shaidar albashin ƙarshe, shaidar haihuwa ko rantsuwar kotu, sai lambar NIN da BVN da lambar asusun banki. Daga nan aikin ya rabu gida biyu.

Akwai wanda ido da hannu yake so: karɓar takardun asali a duba ko an goge kwanan wata, ɗaukar hoto da zanen yatsa, sauraron magada idan ma'aikaci ya rasu an zo da takardar gado, da zama da tsohon da bai iya karatu ba a cike masa fom. Wannan ba ya yiwuwa daga ko'ina sai a kanta, wato teburin karɓar jama'a a ofis.

Akwai kuma wanda allo kawai yake so: lissafin shekarun aiki, fitar da kason fansho da garatuti daga albashin ƙarshe, gwada suna da ranar haihuwa tsakanin fayil da NIN da BVN, amsa waya, da shirya jadawalin biya. A nan ne fayiloli suka fi maƙalewa. Mutum sunansa Muhammadu a takardar ɗaukar aiki, Mohammed a banki, Mamman a katin ɗan ƙasa. Ko shekarar haihuwa ta bambanta da shekara biyu tsakanin rantsuwar kotu da abin da aka rubuta ranar da ya kama aiki. Banki ya mayar da kuɗin, fayil ya koma baya. Irin wannan gyaran natsuwa yake so, kuma ma'aikaci zai iya yin sa a ɗakinsa fiye da a ofishin da mutum talatin ke tsaye a kansa. Amma da sharaɗi guda: sai an riga an ɗauki hoton kowane shafi an shigar a na'ura, a sarari yadda hatimi da sa hannu za su karantu, an jera shi da lambar fayil. Fayil na takarda ba ya fita daga rajista zuwa gidan kowa. Ranar da aka fara barin haka, ranar shafuka za su fara ɓata, kuma wanda takardar ɗaukar aikinsa ta farko ta ɓace ya shiga wahalar da ba ta da ranar ƙarewa.

Don haka malam, ni ban ƙi "aiki daga nesa" ba, amma a sani rabin aikinmu ne kawai zai iya shiga ƙarƙashinta.

Malamin Hausa, Ƙofar Sauri:
Hajiya kin kawo abin da ya warware mini na farkon. Tunda rabin aikin na kanta ne, rabi na allo, ai ma'aikata juyi za su riƙa yi: wasu a kanta yau, wasu a allo. Muna da kalmar tuntuni, "karɓa-karɓa". Kowa ya san ta daga maganar mulki. Sai mu ce "aikin karɓa-karɓa tsakanin gida da ofis".

Injiniyan kwamfuta, Layout:
Malam, da ɗan gyara. Karɓa-karɓa sunan jadawalin ne, wato wa zai zo Litinin wa zai zo Talata. Ana iya yin karɓa-karɓa ba tare da kowa ya taɓa aiki a gida ba, kamar masu gadi ko ma'aikatan jinya. Abin da mai fassara ke nema shi ne sunan ranar da mutum yake gida amma yana bakin aiki. Ni zan ce "ranar aiki daga gida", a riƙa haɗa ta da "rana" ko "kwana" kullum. In ka ce "yana da kwana biyu na aiki daga gida a mako", ka riga ka faɗa wa mai sauraro cewa sauran kwanakin yana ofis.

Sannan a san abin da ranar take ci, don masu kasafi suna ɗauka kyauta ce. Laftof tana jan wat 45 zuwa 65, na'urar intanet kamar wat 10. A ce wat 70 gaba ɗaya, awa takwas, ya kama wat-awa 560. Batir mai volt 12 da amp-awa 100 yana ɗauke da 1,200, amma irin na ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, saura 600. Ka ga da ƙyar ya kai ka la'asar, kuma sai da faranti na sola mai wat 200 zuwa 300 da zai mayar masa. Wanda ya dogara da wutar kamfanin lantarki na KEDCO kaɗai ba zai iya alkawarin awa takwas ba. Bayan wuta sai tsaro: kwamfutar ta zama ta hukuma ce ba ta gida da yara ke kallo a kai ba, a rufe abin da ke cikinta da mabuɗin sirri, a shiga rumbun bayanan hukuma ta killatacciyar hanya da ake kira VPN, kuma bayan kalmar sirri a nemi lambar da ake turowa a waya. Abin da ya fi lalata tsarin shi ne ma'aikaci ya gaji da jinkirin rumbu ya ce a turo masa hoton takardu ta WhatsApp. Nan take NIN da BVN da lambar asusun tsoho sun zauna a wayar mutum, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin wannan a kan hukumar. Kar a manta kuma a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan ta Katsina saboda tsaro. Ma'aikacin da aikinsa duka ya rataya a kan intanet a irin su Jibiya ko Batsari, a lokacin ya tsaya cak.

Mai fassara, Ƙofar Marusa:
Yaya, na karɓi "ranar aiki daga gida". Ga wata kuma a rahoton, backlog. Ana cewa ya ƙaru saboda ƙarancin ma'aikata. "Tarin aiki" na sa, amma ba ta gamsar da ni ba.

Hajiya ta sashen rajista, Ƙofar Ƙaura:
Kwantai. Kamar yadda mai tuwon sayarwa ke cewa ta yi kwantai in abin da ta dafa ya kwana bai ƙare ba. "Kwantan fayil." Tari yana iya zama na yau kaɗai, kwantai kuwa ya nuna an wuce lokacinsa, kuma yana daɗa lalacewa da kwana. Fayil ma haka yake: in ya shekara, lambar wayar mai shi ta canza, asusunsa ya daskare, wani lokaci mai shi ya rasu aikin ya koma na magada, a sake sabon zagaye.

Tsohon akawun fansho, Daura:
Hajiya ta gama magana a kan wannan. Ni abin da nake so ɗana ya kiyaye a fassarar shi ne maganar kuɗi, don nan ne masu sauraro za su ruɗe. In aka ce "an rage ma hukumar fansho kuɗi", tsoho zai ɗauka fanshonsa aka taɓa. Aljihu biyu ne. Akwai kuɗin masu haƙƙi, akwai kuɗin gudanarwa.

A Amurka, hukumar tana nan tun dokar 1935 ta zamanin Shugaba Roosevelt. Abin da take biyan mutane doka ce ta kafa shi, ba ya jiran muhawarar kasafi ta kowace shekara, kuma ya haura dala tiriliyan 1 a shekara ga mutum sama da miliyan 70. Amma abin da za ta kashe a kan albashi, haya, kwamfuta da layin waya, majalisa ce ke yanka mata iyakarsa duk shekara, kimanin dala biliyan 14. Wato kusan kashi 1 cikin 100 na abin da take rabawa. Masu karɓa suna ƙaruwa saboda waɗanda aka haifa bayan yaƙin duniya na biyu suna ta yin ritaya, kuɗin gudanarwa bai bi su ba, ga albashi na hawa. In albashi ya hau kasafi bai hau ba, hanya ɗaya ce ta rage: a daina cike gurbin wanda ya tafi. A watan Fabrairu na 2025 hukumar ta sanar za ta sauko daga ma'aikata kusan 57,000 zuwa 50,000, ga ofisoshi kimanin 1,200 da za a riƙe. Kuma mai duba fayil ɗin naƙasa ba a wata ɗaya ake horar da shi ba, in gogagge ya tafi sai an daɗe kafin sabo ya kai shi.

A nan gida ma haka kasafin yake a rabe: albashi, kuɗin gudanarwa, da manyan ayyuka. Data, man janareta, tawadar firinta da gyaran na'urar ɗaukar hoto duk daga kuɗin gudanarwa suke fita, kuma shi ne ake fara jinkirta sakinsa. Sai ka ga an sayi kwamfutoci da kuɗin manyan ayyuka, babu na data da za a kunna su.

Malamin Hausa, Ƙofar Sauri:
Ranka ya daɗe, to muhawarar da suke yi a can, aiki daga nesa ne ya jawo kwantan ko ƙarancin ma'aikata?

Tsohon akawun fansho, Daura:
Kowane ɓangare na da abin riƙewa, malam. Ofisoshinsu sun rufe ƙofa ga masu zuwa ba tare da alƙawari ba daga Maris 2020 har Afrilu 2022, kuma waɗanda suka fi shan wuya su ne marasa intanet da marasa galihu, masu buƙatar a zauna da su. Wannan gaskiya ne. A ranar 20 ga Janairu 2025 Shugaba Trump ya ba da umarnin ma'aikatan tarayya su koma ofis gaba ɗaya. Amma ni a ganina komawa ofis ba ya haifar da ma'aikacin da babu shi. In fayil dubu na jiran mutum biyar, ko a ina suka zauna biyar ɗin ne. Abin da ya kamata a auna shi ne fayil nawa aka kammala, kwana nawa kowanne ya ɗauka, nawa aka dawo da su saboda kuskure, da minti nawa mai kira ya jira a waya. Rajistar sa hannu da safe ba ta nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Injiniyan kwamfuta, Layout:
Ƙarin abu ɗaya, don kar a haɗa su a fassara. Tsarin da PTAD, hukumar da ke biyan fanshon tsohon tsari na gwamnatin tarayya a nan Najeriya, ta kawo na tabbatar da cewa ɗan fansho yana raye ta hanyar ɗaukar hoton fuska a waya, wannan "tantancewa daga nesa" ne. Mai karɓa ne ba ya zuwa, ba ma'aikaci ba. Yana raba tsoho da doguwar tafiya da layi, amma in haske ya yi ƙasa ko kyamarar ta yi rauni hoton ba ya karɓuwa, sai an koma zanen yatsa, kuma yatsun tsofaffi da manoma sukan shafe. Dole a bar kanta a buɗe saboda irinsu.

Mai fassara, Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga yadda jimlar za ta fita a rediyo: "Hukumar ta soke ranakun aiki daga gida ga ma'aikatan ofisoshinta, ta kuma kira masu aiki daga nesa su dawo, a daidai lokacin da kwantan fayil ke ƙaruwa. Kuɗin gudanarwa ne ake takaddama a kansa, ba kuɗin masu haƙƙi ba."

Hajiya ta sashen rajista, Ƙofar Ƙaura:
Ƙanena, sa "kuɗin 'yan fansho" a karon farko, sannan "masu haƙƙi" daga baya. A Katsina in ka ce masu haƙƙi kai tsaye, wasu magada za su fara tunawa.