Zakin dutse a ƙofar gida: hana farautarsa ne ya sa ya raina mutane?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Jiya da asuba kyamarar ƙofar maƙwabcina ta ɗauko zakin dutse yana wucewa ta gefen motarsa, nan unguwarmu a gefen Fort Collins a jihar Colorado, tafiyarsa yake a natse ko waige babu, wutsiyar nan doguwa kamar za ta ja ƙasa. Inda ya bi ɗin nan yarana suke tsayawa jiran motar makaranta. Ni dai abin da na daɗe ina faɗa shi zan maimaita, tun da aka fara lallaɓa dabbar nan ana hana farautarta ta daina tsoron mutum, kuma duk jihar da ta hana a harbe ta to ta fifita dabba a kan ɗan Adam. A rage su kawai.

Nura: Wa alaikumus salam Yaya. Wai zaki a Amurka? Ni na ɗauka sai a gidan zu

Injiniya: Ba zaki mai geza irin na Afirka ba ne Nura, suna ne kawai. Wasu su ce masa puma wasu su ce kuga, duk abu ɗaya ne. Ka ɗauka kamar damisa ce mara zane, kalarsa ruwan ƙasa, babban namiji ya kan kai kilo 60 zuwa 70, ko gurnani irin na zaki ba ya iyawa. Daga Kanada har kudancin Chile akwai shi, abincinsa barewa, kusan ɗaya a mako. Amma Yaya Baban Khalifa da girmanka maganarka ta ci karo da kanta fa, domin Colorado da kake zaune ba a hana farautarsa ba, maharba na kashe wajen 500 duk shekara da lasisi, kuma a Nuwamba 2024 da aka kawo ƙuri'ar a hana, mutane suka ƙi. To ga farauta ana yi ga shi kuma ya zo ƙofarku.

Baban Khalifa: Farautar can cikin duwatsu ake yinta, wa zai saki karnuka da bindiga a cikin unguwa? Na kusa da gari sun san ba mai taɓa su. Kuma je ka duba Kalifoniya inda suka haramta gaba ɗaya tun 1990, me ya faru a Maris 2024 a yankin El Dorado? Wa da ƙani, mai shekara 21 da mai 18, sun fita tsintar ƙahon barewa da rana tsaka, duk abin da ake cewa a yi sun yi, sun ɗaga hannu sun yi ihu, ƙaramin har jakarsa ya jefa masa, amma ya afka musu ya kashe babban ya yaga wa ƙaramin fuska. Wannan ne mai tsoron mutum?

Maman Ilham: Innalillahi, wannan abin na tuna shi sarai don daga Sacramento inda nake zuwa wajen bai fi tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu ba, ranar duk wajen aikinmu maganar da ake kenan, kuma wallahi har yau in na tuna uwar yaran nan sai jikina ya yi sanyi. Amma Baban Khalifa a faɗi gaskiya duka, kafin wannan rabon da zakin dutse ya kashe mutum a Kalifoniya tun 2004, wani mai keke a Orange County. Shekara 20 kenan a jihar da ke da mutum kusan miliyan 39 kuma kullum dubbai suna cikin daji suna tattaki. In da hana farauta na sa ya raina mutane ai da mu ne za mu fi kowa kuka

Injiniya: Allah ya biya ki Anti. Kuma a 2018 mutum biyu ya kashe, ɗaya mai keke kusa da North Bend a jihar Washington, ɗaya wata mata a dajin dutsen Hood a Oregon, duka jihohin nan biyu ana farautarsa. Tsibirin Vancouver a Kanada nan ne aka fi sani da yawan harinsa kuma can ma farauta halal ce. In ka haɗa Amurka da Kanada a shekara sama da 100 waɗanda ya kashe wajen 30 ne, alhali karnuka kaɗai a Amurka suna kashe sama da 30 a shekara ɗaya.

Baban Khalifa: Ka manta ka faɗa cewa Oregon ta hana farautarsa da karnuka tun 1994, Washington ta bi a 1996. Farautar zakin dutse ba kare ai suna ne kawai, kare ne yake bin sawunsa ya kora shi kan bishiya, kuma wannan korar ita ce take koya masa cewa mutum abin gudu ne. Kar ka kawo min rabin magana ƙanina

Injiniya: Wannan gaskiya ne an hana, na yarda

Kawu Ɗanjuma: Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba. Ni ban taɓa ganin wannan dabba ba amma a ƙauyenmu na taso a ƙasar Alkaleri, gonarmu da dajin Yankari ba nisa, don haka zama kusa da naman daji ba labari aka ba ni ba. Injiniya lissafinka daidai ne amma lissafi na wanda yake nesa ne. Shekarar da giwaye suka shiga gonar mahaifina a dare ɗaya suka gama da dawar da muka yi damina guda muna wahala a kanta, in a lokacin ka zo ka ce masa ai a ƙasar nan gaba ɗaya gona kaɗan giwa ke ci, me ka faɗa masa? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Abin da ya fi ci mana rai ba giwar ba ce, masu cewa kar a taɓa ta ne, da suke kwana a birni ba su taɓa kwana a kan rumfa suna kaɗa garwa ba.

Baban Khalifa: Allah ya ƙara girma Kawu, abin da nake ta so in faɗa kenan. Ko ƙuri'ar nan tamu mutanen karkara masu tumaki da shanu su suka fi ƙin ta, 'yan birni ne ke so

Kawu Ɗanjuma: Tsaya ban gama ba ɗana, kai ma akwai naka. Mu a wajenmu ba a cewa a fita a rage kura. Kura da ta saba shiga gari tana ɗaukar akuya ita ake nema, maharbi ya san sawunta ya san hanyarta, ita zai ɗana wa. Wadda take dajinta ba ruwan kowa da ita. Kuma kafin a kira maharbi sai an tambayi mai akuya a ina ya ɗaure ta, in a waje ya bar ta ta kwana to shi ya kira kurar. Kai yanzu wannan da kyamara ta ɗauko me ya yi? Ya ci wani abu ne ko wucewa ya yi?

Baban Khalifa: Wucewa ya yi Kawu. Amma sai na jira ya yi?

Injiniya: Kawu kun taɓo inda binciken yake wallahi. Masana a jami'ar jihar Washington sun bi wannan abin, suka ga inda aka tsananta farauta ƙorafin mutane da kisan dabbobin gida ƙaruwa yake ba raguwa ba. Dalili kuwa, babban namiji yana riƙe da yanki mai faɗi shi kaɗai yana korar samari, shi ya san inda barewa take ya san ya kauce wa mutane, kuma shi maharbi yake so don shi ne babba. Da an kashe shi sai samari biyu uku su shigo wajen, ba su ƙware a farauta ba ga yunwa, su ne masu bin akuya da kare da kaji. Ka tuna na dutsen Horsetooth nan kusa da kai Yaya, Fabrairu 2019, wanda ya kama mai gudun motsa jiki har mutumin ya shaƙe shi ya mutu? Da aka duba ɗan ƙarami ne ko shekara bai yi ba, ba uwa tare da shi.

Baban Khalifa: Na sani mana, wajen muke zuwa da yara ranar Asabar. To ka ga ɗan ƙarami ma sai da aka yi wa mutumin ɗinki sama da 20, ina ga babba, ina ga in yaro ne ɗan shekara 6 irin Khalifa

Maman Ilham: A nan kam ina bayanka, yara su ne abin tsoro don ƙaramin jiki da guje-guje shi ke jan hankalinsa. Ni in mun shiga daji Ilham ba ta wuce tsawon hannuna, ba ma fita da asuba ko dab da magariba don lokacinsa kenan, kuma na koya mata in ta ga wani abu kar ta ruga ta zo jikina. Abin da ke rubuce a allon bakin turba kenan, kar ka gudu kar ka juya masa baya kar ka durƙusa, ka ɗauki yaro ba tare da ka sunkuya sosai ba, ka buɗe riga ka ƙara girma ka yi magana da ƙarfi kana ja da baya a hankali, in kuma ya kama ka to ka yi faɗa da duk abin da ke hannunka, dutse ko sanda, kar ka kwanta kamar ka mutu. Mutane da yawa sun tsira da haka

Nura: Anti ni akwai bidiyon da na gani wani yana ja da baya abin na binsa yana kai masa bara da hannu, minti wajen 6, shi ne wannan?

Maman Ilham: Shi ne, a Utah ne kusa da Provo a 2020. Amma ka lura macen ce kuma 'ya'yanta ya tarar a hanya, ba cinsa take so ba korarsa take daga wajensu, shi ya sa take ta nuna kanta tana buga ƙasa. Mai niyyar ci ba ya bari ka gan shi, ta baya yake zuwa ya kama wuya. Da ya samu ya jefa mata dutse ai juyawa ta yi

Injiniya: Akwai ma gwajin da aka yi a duwatsun Santa Cruz, aka sa lasifika kusa da naman da ya kashe, in aka kunna kukan kwaɗi ya ci gaba da cinsa, in aka kunna muryar mutane suna magana sai ya bar naman ya gudu, kusan kowane lokaci. Kuma a Kalifoniya ne fa, inda ba a farautarsa. Tsoron yana nan Yaya.

Baban Khalifa: To na El Dorado bai ji muryar mutum ba ne? Ihu suka yi masa. Hausawa suka ce damisa ƙi sabo, wannan ɗan'uwanta ne, ba wanda zai ba ni tabbas a kan halinsa. Kuma abin da ke ƙona min rai, dubi zakin dutsen nan na Los Angeles da ake kira P-22, shekara 10 yana zaune a wajen shaƙatawa na Griffith Park tsakiyar gari ana sa hotonsa a riga, ƙarshe ya fara kama karnukan mutane a hannunsu, da ya mutu a Disamba 2022 aka cika fili ana makokinsa. Ga gadar tsallakawa da aka fara gina wa zakunan dutsen a 2022 a kan babban titin 101 ta sama da dala miliyan 90. Mutum nawa ke kwana a titi a Los Angeles ɗin?

Maman Ilham: Maganar masu kwana a titi ta dame ni ni ma, kullum ina ganinsu a wajen aiki. Amma P-22 ɗin da ka kawo ai hujjata ce, shekara 10 a wajen da miliyoyin mutane ke shiga duk shekara bai kashe kowa ba, shi ne ma ya sha wahalarmu, ya ci gubar ɓera ta cikin naman da yake ci har ƙazuwa ta kama shi, ƙarshe mota ta buge shi, lokacin da ya fara bin karnuka ya tsufa ya ji ciwo ne, kuma hukuma ba ta tsaya ba ta kama shi likitoci suka duba suka yi masa allurar mutuwa. Na El Dorado ma a ranar aka bi shi aka harbe. Dokar 1990 farautar nishaɗi ta hana, ba ta ce a bar wanda ya zama barazana ba. Gadar kuma kuɗi mai yawa a cikinta gudummawar mutane ne, kuma dalilinta titi ya tsare zakunan duwatsun Santa Monica har suna haihuwa da junansu ana ganin masu lanƙwasasshiyar wutsiya

Kawu Ɗanjuma: Baban Khalifa bari in tambaye ka, barewa na shigowa unguwarku?

Baban Khalifa: Sosai Kawu, kullum suna cin furannin mutane, akwai wata tsohuwa a layinmu har abinci take zuba musu duk da doka ta hana

Kawu Ɗanjuma: To ka fara da ita. Ka je da ladabi ka nuna mata hoton, in ta ƙi ka kai maganar ga hukumar daji. Duk inda nama ya taru mai cin nama zai zo, ko an kashe wannan wani zai maye gurbinsa kafin damina.

Baban Khalifa: Zan je mata yau in sha Allah, hukumar ma na riga na kira su na tura musu bidiyon. Amma ban sauka daga maganata ba, ni a bar masu karnuka su riƙa korar na kusa da gari ko ba za a kashe ba, mutanen El Dorado ma abin da suka roƙa kenan bayan abin ya faru. Injiniya wannan kuma me za ka ce?

Injiniya: Kora da karnuka ba kisa ba ba zan yi musu da ita ba in ma'aikatan daji ne ke yi, abin da nake tsoro kowa ya saki nasa su tarar da mace mai 'ya'ya su raba su, mu koma kan irin na Horsetooth

Maman Ilham: Kafin nan dai don Allah gobe ka tsaya da yaran har motar makarantar ta zo, da asubar nan duhu ne yanzu. Ka sa fitila a gefen garejin kuma karen maƙwabcin naku ya daina kwana a waje