Neman shawara: QGIS na ba ni mahaɗar tura'a da hanya biyu-biyu, wasu kuma babu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina Halfa Jadida, an ba ni aikin fitar da duk inda tura'ar ruwa, wato magudanar ban-ruwa, ta ratsa hanya a wani yanki na gonakin da madatsar Khashm el-Girba ke shayarwa, don a duba kwalbatocin kafin damina. Hanyoyin daga OpenStreetMap na sauke su. Tura'o'in kuwa ni na zana su da hannu daga wata tsohuwar taswirar ofis da aka yi wa sikan. Na kunna Line intersections, mai sa ɗigo duk inda layi biyu suka haɗu, a manhajar taswira ta QGIS, sai ga ɗigo biyu a kan juna a wurare da yawa. Wanda ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne kwalbatin da nake wucewa kullum a kan babur, kusa da hawashar kawuna, wato gonarsa, ko ɗigo ɗaya bai fito ba. Kwana biyu ke nan, ga wuta ba ta zama. Me nake yi ba daidai ba?

Wani daga Gadarif:
Wa'alaikumus salam. Biyu-biyun ba matsala ba ce, ƙanina. An yanke hanyar ne daidai inda ta haɗu da tura'ar, kowane guntu ya ba da nasa ɗigon. Kunna Delete duplicate geometries, shi ke nan.

Wata malama daga Bur Sudan:
Kar ka goge komai tukuna. Tsohuwar taswirar nan da wane ma'auni aka yi ta? Tsofaffin taswirorin Sudan da Adindan ake yin su, OpenStreetMap kuwa WGS 84 ne. In ka zana a kan Adindan ka ce wa QGIS WGS 84 ne, duk tura'o'inka sun goce da mita 100 ko fiye. Ɗigo zai fito, amma a gonar wani. Ɗora hoton tauraron ɗan adam a ƙasa ka gani da idonka. In sun goce, fara da Assign projection ka ba su EPSG:20136, wato lambar Adindan a shiyyar UTM ta 36, sannan Reproject layer zuwa 32636, lambar WGS 84 a shiyyar ta 36. Mutane na rikita biyun nan: na farko suna kawai yake canzawa, na biyu ne ke taɓa lambobin.

Na Gadarif:
Ba 32637 ba, na shiyya ta 37, Hajiya? Ai jihar Kasala ce.

Malamar:
Garin Kasala ne ke shiyya ta 37. Iyakar tana kan digiri 36 gabas, Halfa na yamma da ita.

Mai tambaya:
Wallahi Hajiya kin gano shi. Duk sun goce gefe guda. Na gyara, amma na wajen kawu har yanzu shiru.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin safiyo:
Ɗana, zuƙo wurin sosai. Na tabbata Abu Ishirin ce, ƙaramar tura'ar nan ta cikin gonaki, da ka tsayar a bakin hanya, layinka bai taɓa ta ba, ko da da taku ɗaya ne. Kwamfuta ba ta san "kusan" ba. Yi Extend lines ka ƙara mita 2 ko 3. Amma sai bayan ka koma mita. In kana kan 4326, wato WGS 84 mai aiki da digiri, ka rubuta 2, digiri biyu ka ce, sama da kilomita 200 ke nan, tura'arka sai ta leƙa Iritiriya.

Mai tambaya:
Na zuƙo, Baba. Saura santimita 40 ta taɓa. Bari wuta ta dawo.